Gochujang: Yadda Za Ki Yi Girki Da Kwaɓin Barkonon Koriya A Gida

Ranar da na fara buɗe jar robar gochujang, na shirya shan yaji ne irin na attarugu. Na lakato da bakin cokali na sa a harshe, sai zaƙi ya fara tarbata, gishiri ya biyo baya, can kuma wani ɗanɗano mai nauyi ya taso wanda ya tuna mini daddawa. Yajin shi ne ya iso a ƙarshe, a hankali, ya zauna a maƙogwaro bai ƙona baki ba. Duk abin da zan gaya miki a nan daga wannan lakatar ya samo asali. Gochujang kayan ɗanɗano ne da aka tsima, aikinsa a tukunya ya fi kusa da na daddawa fiye da na barkono, kuma yana ɗauke da sukari. In kin riƙe waɗannan biyun, sauran girkin mai sauƙi ne.

A harshen Koriya gochu shi ne barkono, jang kuma sunan duk wani tsimammen kayan miya ne da ake yi da waken suya. Ana haɗa shi da garin jan barkono, da shinkafa mai danƙo, da garin waken suya da aka tsima wanda suke kira meju, da tsiron sha'ir, da gishiri. Tsiron nan shi ke narkar da sitacin shinkafar ya mayar da shi zaƙi, aiki iri ɗaya da wanda tsiro ke yi a kunun zaƙi. A da, kowane gida yakan kwaɓa nasa kafin zafi ya shigo, a zuba a randunan ƙasa da ake kira onggi, a jera su a wani dandamali a tsakar gida, a riƙa buɗe murfin ranar da rana ta fito, a rufe da yamma, har tsawon watanni. Barkonon kansa baƙo ne a Koriya, daga nahiyar Amurka ya fito, bai isa can ba sai wajajen ƙarshen ƙarni na 16. Garin Sunchang a kudancin Koriya ta Kudu ne ya fi yin suna da wannan sana'a, shi ya sa za ki ga sunansa a jikin robobi da yawa. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa al'adar yin jang cikin jerin al'adun gado na duniya.

Kafin ki saya

Robobin jang kala uku ne, kuma an saba bambanta su da launi. Ja ita ce gochujang. Mai ruwan ƙasa doenjang ce, tsimammen waken suya zalla ba barkono. Mai launin kore kuma ssamjang ce, haɗin biyun da ake dangwala ganye da nama a ciki. Ja kike so. A manyan kantunan da ke sayar da kayan abincin Asiya ake samunta, ko a wajen masu sayarwa ta intanet, kuma robar gram 500 ta ishi gida na tsawon lokaci tunda da cokali ake amfani da shi.

Abu na farko da za ki duba shi ne jerin kayan haɗi. Da yawa daga cikin na kamfani ana saka musu ɗan sinadarin barasa don ya tsayar da tsimuwa kada robar ta kumbura. A rubutun Koriya ana rubuta shi 주정, ki haddace siffar kalmar nan ko ki ajiye hotonta a waya. Akwai waɗanda ake yi ba tare da shi ba, musamman don kasuwannin Malesiya da Indunusiya, suna ɗauke da tambarin halal, wasu kuma da na Tarayyar Musulmin Koriya wato KMF. Ni su nake nema, kuma in ban samu ba na gwammace in jira. Mai larurar da ta hana shi cin alkama ma ya duba, don yawancin na kamfani akwai alkama a ciki.

Na biyu shi ne ƙarfin yaji. Kamfanonin Koriya sun kasa shi mataki 5, daga mai sanyi zuwa mai tsananin zafi, kuma sukan nuna matakin a jikin robar. Ga bakin da ya saba da attarugu, mataki na 3 ba zai ba ki tsoro ba, yara ma za su iya ci. Kada ki sayi na 5 don neman yaji. In yaji kike so ki ƙara attarugunki a tukunya, ki bar gochujang ya yi aikin da aka saye shi dominsa.

Sai abokan tafiyarsa: soya sos, tafarnuwa mai yawa, ɗanyar citta, albasa mai lawashi, sukari ko zuma, ruwan khal, da man riɗi. A kan man riɗin nan zan ɗan tsaya. Na Koriya da soyayyen riɗi ake matse shi, launinsa duhu, ƙamshinsa na cika ɗaki. Wanda aka matse da ɗanyen riɗi fari ne, ba shi da wannan ƙamshin, kuma in kin zuba shi za ki yi ta mamakin me ya sa abincin bai tashi ba. In ba ki sami mai duhun ba, ki wanke riɗi ki tsane shi, ki soya a busasshen kasko kan ƙaramar wuta har ya fara tsalle ya yi ruwan zuma, ki daka shi sama-sama a turmi, ki haɗa da man gyaɗa kaɗan. Riɗi dai ba baƙonmu ba ne, kuma wannan dabarar tana kai ki kusa sosai.

Kwaɓin da za ki fara koya

Ba a zuba gochujang a tukunya yadda ya fito daga roba. Yana da kauri da danƙo, in kin jefa shi haka zai dunƙule wuri ɗaya. Ana sassauta shi tukuna a kwano. Ga ma'aunin da nake amfani da shi ga nama ko kaza rabin kilo: gochujang babban cokali 3, soya sos babban cokali 2, zuma ko sukari babban cokali 1, tafarnuwa ƙwaya 5 dakakku, gurzajjiyar citta ƙaramin cokali 1, man riɗi babban cokali 1, ruwa babban cokali 2. Ki juya har ya zama sumul yana zuba daga cokali.

Ki ɗanɗana kafin ki saka zumar gaba ɗaya. Na kamfani sun bambanta wajen zaƙi, wasu an cika musu ruwan sukarin masara, to irin waɗannan rabin cokali ya isa. Kada ki ƙara gishiri ko dunƙulen magi a wannan matakin, gochujang da soya sos kowanne da gishirinsa ya zo. In girkin Koriya ya ce a saka mirim, wato giyar shinkafa ta girki, ki bar shi, ki gurza rabin tuffa ko rabin albasa ki matse ruwan a ciki. Su ma Koriyawan suna gurza wani nau'in fiya nasu a kwaɓin nama don ya yi taushi ya yi zaƙi.

Yawancin girke-girkensu suna haɗa gochujang da gochugaru, garin barkonon da ake yin gochujang ɗin da shi, don ƙarin ja da ƙamshi. Garin nan ba shi da zafi sosai. Abin da ya fi kusa da shi a wajenmu busasshen tattasai ne da aka cire 'ya'yansa aka daka. Kada ki musanya gochugaru da garin barkononmu cokali da cokali, abincin ba zai ciwu ba.

Yanzu maganar wuta, wadda ita ce ta fi komai muhimmanci. Mun saba soya kayan miya a mai mai zafi har sai tsamin tumatir ya fita, mai ya taso sama. Na yi wa gochujang haka a girkina na farko. Na zuba shi a mai yana hayaƙi, kafin in juya in ɗauko albasa ya kama gindin kasko ya yi baƙi, ƙauri ya cika kicin, naman da na zuba a kai duk ya ɗauki ɗaci. Sukarin da ke cikinsa ne ya ƙone. Tun daga ranar nake bin ƙa'ida ɗaya: wuta matsakaiciya, kuma a tabbata akwai ruwa ko kayan lambu masu fitar da ruwa a kaskon kafin kwaɓin ya taɓa ƙarfe. In kuma za ki soya shi kai tsaye don ƙamshinsa ya buɗe, ki rage wuta can ƙasa, minti 1 kacal, hannunki na juyawa ba tsayawa.

Farfesun kaza da dankali

Da wannan nake so ki fara, don shi ya fi kusa da abin da hannunki ya saba. Sunansa dakbokkeumtang, wasu na cewa dakdoritang, kuma abincin gida ne da ake ajiye tukunyarsa a tsakiya kowa ya ɗiba.

Ki yanka kaza mai nauyin kilo 1 gunduwa-gunduwa. Ki tafasa ruwa, ki zuba kazar ta yi minti 4, ki juye ruwan ki ɗauraye naman. Na san zubar da ruwan kaza yana da ciwo, amma wannan tafasar ta farko kumfa da ƙarni kawai take fitarwa, ainihin romon yana gaba. Ki mayar da kazar tukunya, ki zuba ruwa kofi 2 da rabi, ki ninka kwaɓin can na sama sau biyu amma ki riƙe man riɗin sai ƙarshe, ki ƙara dakakken busasshen tattasai babban cokali 2. Ki rufe ta tafasa minti 10.

Ki fere dankalin turawa 3 da karas 2 ki yanka manya-manya, girman rabin ƙwai, don ƙanana narkewa za su yi. Ki zuba su tare da albasa 2 da aka raba huɗu. Ki rage wuta zuwa matsakaiciya, ki bar murfin a ɗan karkace, ki ba shi minti 25, kina juyawa daga ƙasa lokaci zuwa lokaci. Wannan lissafin na kazar gidan gona ne. In kazar Hausa ce, ki dafa ta ita kaɗai da kwaɓin har ta kusa laushi, kina ƙara ruwan zafi, sannan dankali ya shiga.

Alamar ya yi ita ce romon ya ragu zuwa kamar rabi, ya yi kauri yana sheƙi, gefen dankalin ya fara zagwanyewa. Sai ki kashe wuta, ki zuba man riɗi da yankakken lawashi. Man riɗi ba ya son doguwar wuta, ƙamshinsa guduwa yake. A ci da farar shinkafa, a murƙushe dankalin a cikin romon a cakuɗa.

Bibimbap

Bibim cakuɗawa ne, bap dafaffiyar shinkafa, kuma garin Jeonju ne ya shahara da shi. A hoto yana kama da aikin biki, amma a gidajen Koriya hanya ce ta cinye ragowar ganyayyakin da suka kwana.

Shinkafarsu gajera ce mai ɗan danƙo. Turararriyar shinkafarmu mai warara ba ta riƙe kwaɓin yadda ya kamata. Ɗanyar shinkafar tuwo ta fi dacewa: ki wanke ta sau 3, ki jiƙa minti 30, ki dafa kofi 2 da ruwa kofi 2 da ɗan ƙari, in ta tafasa ki rage wuta ki rufe minti 12, ki kashe ki bar ta a rufe wasu minti 10. Kada ki buɗe a tsakani.

Kowane kayan lambu shi kaɗai ake sarrafa shi, kuma nan ne sirrin yake, don kowanne ya riƙe launinsa da ɗanɗanonsa. Alayyahu ki tsoma a tafasasshen ruwa minti 1, ki tsame zuwa ruwan sanyi, ki matse shi tsaf da hannu, ki murza masa gishiri kaɗan da tafarnuwa da man riɗi. Karas ki yanka sirara kamar tsinken ashana ki soya minti 2 da ɗigon mai. Kokwamba ki yanka fale-fale, ki barbaɗa gishiri, bayan minti 10 ki matse. Kabeji ko naman kaza na tsiro, wato mashrum, in akwai, a soya sama-sama. Niƙaƙƙen naman sa gram 200 ki soya da soya sos cokali 1, da tafarnuwa, da ɗan sukari. Kasko ɗaya ya isa, ki fara da masu hasken launi ki ƙare da nama.

Kwaɓin bibimbap ba a dafa shi: gochujang babban cokali 2, man riɗi 1, ruwa 1, sukari ƙaramin cokali 1, ruwan khal ƙaramin cokali 1. Ki zuba shinkafa mai zafi a kwano mai zurfi, ki jera kayan a kai kowanne a gefensa, ki ɗora soyayyen ƙwai a tsakiya. Kowa ya saka kwaɓin daidai bakinsa, ya fara da cokali 1. Sannan a cakuɗa sosai da cokali har kowace ƙwayar shinkafa ta yi ja. Na sha ganin baƙi suna tsintar kayan ɗaya-ɗaya don kada su ɓata adon, sai in karɓi cokalin in cakuɗa musu da kaina, don ɗanɗanon ba ya fitowa sai an haɗe.

Na ranar zafi, da na soyayyar kaza

In kin haɗa gochujang cokali 2, ruwan khal 2, sukari 1, kin sami chogochujang, wanda a Koriya ake dangwala ɗanyen kifi da dafaffun kayan teku a ciki. A gida yana tafiya da kokwamba, da dafaffen kabeji, da gasasshen kifi. Ki ƙara masa soya sos cokali 1 da man riɗi 1, ki dafa siririyar taliya, ki ɗauraye ta da ruwan sanyi kina murzawa har santsin ya fita, ki tsane, ki cakuɗa, ki ɗora kokwamba da rabin dafaffen ƙwai. Wannan shi ne bibim-guksu, kuma minti 15 ya ishe shi.

Soyayyar kazar Koriya mai jan kwaɓi, yangnyeom, ita ma ba wuya. Ki barbaɗe fukafukai da gishiri da citta, ki turbuɗa su a garin sitacin masara, ki soya sau biyu, na farko minti 8, ki tsame su huta, na biyu minti 3 a mai mafi zafi. Suya ta biyun ce ke sa ɓawon ya jure kwaɓi bai yi laushi ba. A wani kasko ki haɗa gochujang cokali 2, kecaf 2, zuma 3, soya sos 1, tafarnuwa, da ruwa cokali 2, kan ƙaramar wuta har ya fara kumfa. Ki kashe, ki juye kazar ki jujjuya, a ci nan take.

Ajiya

Da zarar kin buɗe robar, firij ne wurinta, kuma a can tana watanni. Ki riƙa ɗiba da busasshen cokali mai tsabta, ki shafe saman ya kwanta, ki rufe da kyau. Launinsa zai riƙa duhu da tafiyar lokaci, wannan ba lalacewa ba ce. Inda wutar lantarki ba ta zama, ki sayi ƙaramar roba, ki ajiye ta a wuri mafi sanyi a gidan nesa da murhu. In kin ga fumfuna ko warinsa ya canza, ki zubar. Kwaɓin da kika haɗa da ɗanyar tafarnuwa kuwa kada ya wuce mako guda ko a firij.

Dakgalbi, da abin da ke biyo bayansa

Na bar wannan a ƙarshe don shi na fi so. Abincin garin Chuncheon ne, inda ake soya shi a wani faffaɗan kaskon ƙarfe a tsakiyar teburi masu ci na kewaye da shi.

Ki sami cinyoyin kaza rabin kilo, ki cire ƙashi, ki yanka daidai loma. Cinya ta fi ƙirji a nan, ƙirji bushewa yake. Ki zuba kwaɓin farko, ki ƙara dakakken tattasai cokali 1 da garin kori ƙaramin cokali 1, ki cakuɗa ki rufe minti 30 aƙalla. In zai kwana a firij ya fi.

Ki yanka rubu'in kabeji manya-manya, albasa 1, da dankalin Hausa 1 da kika fere kika yanka sirara kamar kaurin yatsa. Ki ɗora kasko mafi faɗi da kike da shi, ki zuba mai cokali 2. Dankalin da kabejin su za su fara sauka, kazar a samansu. Jerin nan da dalili: kabejin zai saki ruwa ya tsare kwaɓin daga zafin ƙarfe. Ki zuba ruwa rabin kofi ta gefe, ki rufe minti 5 kan matsakaiciyar wuta, sannan ki buɗe ki fara juyawa. Da farko za ki ga kamar kabejin ya yi yawa, ki ƙyale shi, zai kwanta. Minti 12 zuwa 15 kina juyawa, in kin ji yana neman kamawa ki yayyafa ruwa cokali 2. In cokali ya ratsa dankalin ba gardama, kuma kin tsaga nama mafi kauri kin ga ba sauran ja a cikinsa, ya yi. Ki watsa lawashi da soyayyen riɗi. Ana ɗora loma a ganyen latas a naɗe a kai baki.

Ki hana kowa suɗe kaskon. In an ci an bar kamar ludayi ɗaya na nama da kabeji da jan man da ya kwanta, ki daddatsa su ƙanana da cokali, ki mayar kan wuta, ki zuba shinkafar da ta huce kofi 2, da gochujang rabin cokali in jan bai isa ba, da man riɗi cokali 1. Ki juya har ta haɗe, sannan ki baje ta fale-fale a faɗin kaskon ki danna da bayan cokali. Ki rage wuta, ki cire hannunki minti 3. Za ki ji tana ƙara ƙas-ƙas, ƙamshin ƙanzo ya fara tashi. Ki ɗaga gefe ɗaya ki leƙa, in ƙasan ya yi ja mai duhu ki sauke kaskon a kan faifai, ki miƙa wa kowa cokali ya kankaro daga gefensa.